Dokin Ƙofar Lalla Yamna

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na iso Mulay Idris. Direban tasi ya tambaye ni ko ziyara na zo, na ce e. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Jakar abokin aikina Bushta ba ta da wani nauyi. Wando biyu, rigar sanyi, da cokalinsa na shafen gini wanda ya goge har yana ƙyalli. Amma sai da na ajiye ta sau uku kafin in kai masauki. Ya sha gaya mini a garinsu babu hanyar da ke kwance, ko dai kana hawa ko kana sauka. Na ɗauka cika baki ne irin nasa.

Mai masaukin tsoho ne, Si Jilali. Ɗaki takwas, ba kowa a ciki. Ya zube mini makullan gaba ɗaya a kan tebur.

"Zaɓi, ɗana. Turawa sun tafi da rana a jakunkunansu, sun bar mana kyanwoyi da ciwon gwiwa. In ka ga dama kullum ka canza ɗaki, gadajen su tuna aikinsu."

Na ɗauki wanda tagarsa ke kallon unguwar sama.

Yau kwana hamsin da biyu da rasuwar Bushta. Wajen mahaifiyarsa na zo, Lalla Yamna. Zan ba ta jakar. Akwai kuma magana, wadda in ta ji, ko ta yafe mini ko ta ƙi. Gobe.

Talata, 5 ga Nuwamba, da hantsi

Matakala ɗari biyu da goma sha huɗu daga ƙofar masauki. Ban tambayi kowa ba, shi da kansa ya kwatanta mini tun muna aikin gini a Tanja: ka wuce gidan burodi, ka wuce famfon da ba ya ruwa, sai koriyar ƙofa. Dokin ƙofar dutse ne, ƙafafu sun lotsa shi a tsakiya. Wanda ya dasa shi ya iya aiki.

Na tsaya ina kallon dutsen har wani mai jaki ya ce in ba shi hanya. Ban ƙwanƙwasa ba.

Talata, bayan magariba

Inna ta kira daga gida.

"Ka gan ta?"

"Na ga ƙofar."

"Ƙofa ka je gani?" Na ji tana korar kaji, sannan ta dawo. "Allal, ji nan. Kai ba ka iya magana ba, tun kana goye haka kake. In ka buɗe baki ɓatawa za ka yi. Sayi rago ka jefa mata ar, yankan nan na tilasta yafiya. Da asuba, kafin ta buɗe. Da jini ya taɓa dokin ƙofarta an gama, ba ta da bakin cewa a'a. Ko zuciyarta ba ta so za ta yafe, don tsoron abin da zai bi gidanta."

"Inna, wannan ai sai mutanen da."

"Mutanen da sun fi ka samun barci."

Ita kaɗai na gaya wa. A takardar kamfani an rubuta santsi ne ya kwashe shi daga hawa na huɗu. Kowa ya sa hannu. Ni ma na sa.

Laraba, 6 ga Nuwamba, azahar

Na hau. Na sauko. Ban ƙwanƙwasa ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Yayyafi tun safe, irin siririn nan da ba ka sanin ya jiƙa ka sai ya kai ƙashi. Masu alewa a hanyar hubbaren waliyyi Mulay Idris sun lulluɓe teburansu da leda, suna zaune suna kallon juna. Mai gasa nama ya hura wuta don ɗumin kansa. Gari kamar gidan biki kwana uku bayan an watse.

Si Jilali ya ce zirga-zirgata tana sa shi jiri, in sauka Walili in kalli duwatsun Rumawa kamar kowane baƙo mai hankali. Na tafi a ƙafa ta cikin gonakin zaitun. Ba kowa sai mai gadi da rediyonsa. Na sa farce tsakanin dutse da dutse, ya ƙi shiga. Mutanen nan, ko dai ba a kiransu sauke siminti suna tsakiyar aiki, ko kuma in an kira su ba sa zuwa.

Daga can ƙasa na waiwayo. Garin fari fat a kan tuddai biyu, gajimare ya sauko ya cinye na sama. Na nemi koriyar ƙofa da ido ban samu ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan masallaci

Na ga Lalla Yamna. Ba wanda ya nuna mini. Ta fito daga gidan burodi da katakon burodi a ka, 'yar guntuwar tsohuwa, tana jefa ƙafar hagu waje in za ta taka matakala. Haka Bushta yake tafiya. Mu kan ce masa agwagwa.

Na laɓe bayan alfadarin wani mai iskar gas har ta wuce. Mai alfadarin ya ce, "In saye za ka yi, haƙoran suna gaba."

Asabar, 9 ga Nuwamba, la'asar

Ranar kasuwa. Na sayi rago. Fari ne, da baƙi a ido ɗaya, ƙaho bai gama lanƙwasa ba. Mai shi ya tambaya ko suna ne ko biki, tun da Layya ta wuce kuma ba ta kusa. Na ce alkawari ne.

Ban san rago ba ya son matakala ba. Na ja, ya turje. Na tura, ya zauna. A ƙarshe na saɓa shi a wuya, na bi ta gaban masu shayi haka, kowa ya ajiye kofinsa. Garin da ba baƙo, mutum ɗaya da rago ya ishe su kallon mako guda.

Si Jilali ya tare ƙofa.

"Ɗaki takwas na ce, ban ce garke ba. Shi ma sai ya nuna fasfo."

Amma shi ya riƙe mini ƙafafun baya muka hau da shi rufi, inda aka jibge kujerun da Turawa ke zama su kalli faɗuwar rana. Ya sa masa suna Musyu. Ya ce tun Oktoba ba wanda ya kalli kwarin nan da natsuwa irin tasa.

Da muka sauko ya zuba shayi, bai miƙo mini ba tukuna.

"Mai alkawari ƙasa yake kai ragonsa, hubbare. Kai ka hau da naka sama. Ƙofar wa?"

Na kalli kofin.

"Shi ke nan, ban tambaya ba. Amma ka san ƙa'ida. In mai ƙofa ya riga ka, ya ce kada ka yanka, nama kawai ka saya. Shi ya sa ba a yinsa da rana."

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan asuba

Na hau ni kaɗai in ga yadda hanyar take da duhu-duhu. Daga kwanar famfo na ji ƙas, ƙas, ƙas. Na leƙa. Lalla Yamna tana zaune a kan dokin ƙofar, bargo a kafaɗa, kwano a gabanta, tana fasa ɗanyen zaitun da dutse, ɗaya bayan ɗaya. Lokacin jiƙa zaitun ne, kowace tsohuwa shi take yi. Wataƙila ba ta son ta tashi mutanen gida da ƙara.

Litinin, 11 ga Nuwamba, bayan asuba

Na kai ragon. Wuƙa a cikin hannun riga, na ɗaure masa baki da tsumma. Ya hau matakala ɗari biyu ba gardama, kamar ya gane.

Tana nan.

Na tsaya a kwana. Tsumman ya zame, ya yi kuka sau ɗaya, duk lungun ya amsa. Ba ta ɗago kai ba. Dutsen dai ya tsaya a hannunta, sannan ya ci gaba.

Na juyo da shi.

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan asuba

Tana nan.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Tana nan. Zaitun nawa gida ɗaya ke ci?

Si Jilali ya dawo daga wajen masu shayi yana dariya har da tari. Ya ce na tayar wa gari rigingimun shekara talatin. Wanzami ya tabbata ƙaninsa da suka yi faɗa a kan iyakar gona ne ya turo ni, yanzu a shago yake barin ƙofa, a gida yake gadi. Wata Hajja Batul ta rantse tsohon surukinta ne, ta zuba wa dokin ƙofarta gishiri. Limamin unguwar ƙasa ya ce abin nan ba ya cikin addini, amma an gan shi da asuba yana leƙen tasa ƙofar.

"Duk wanda aka taɓa yi wa laifi ya tuna. Ka ga ashe muna da arziki."

In na wuce dandali yanzu sai a ce, ga baban rago. Wani ya ce, "Ango, ina ka baro amarya?" Wani ya ce, "Ka gaya mana ƙofar mana, mu kawo gawayi." Ina ɗaga musu hannu in wuce. Ba su da mugunta, aiki ne ba su da shi.

Ni na san ba kowa ne ke zato ba. Mutum ɗaya ba zato take yi ba. Ban so in rubuta wannan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan magariba

Hannuwana sun gaji da zama. Si Jilali ya haɗa ni da ɗan'uwansa mai gonar zaitun a bayan tudu, na bi masu kaɗa. An shimfiɗa taruna a ƙasa, maza a sama da sanduna, mata suna tsince. Da rana aka kawo burodi mai zafi da sabon mai, kore shar, mai kama maƙogwaro. Wannan ne abinci na farko da na ji ɗanɗanonsa tun Satumba.

Sai aka ce in riƙe wa wani tsani ya hau. Na duba ƙafar dama, na duba ta hagu, na girgiza, na sake dubawa. Na ce ya dakata in sa dutse. Na sake girgizawa. Mutumin ya ce, "Malam, bishiya zan hau, ba wata ba." Mata suka yi ta dariya. Da ya hau na riƙe tsanin har yatsuna suka mutu, ya gama ya sauko ban sani ba.

Katakon da magini ke takawa a sama gefe biyu ake ɗaure shi. Ko yaro ya san wannan.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ban hau ba. Na canza ɗaki, na koma wanda ke kallon kwari. Na dawo na farkon.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da safe

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, matakala sun zama rafi. Na ce yau kam ba mai zama a waje. Na lulluɓe Musyu da buhu muka hau.

Ta rufa da ledar da ake shimfiɗa wa zaitun, kanta kawai ke waje. Ba kwano, ba dutse. Zaune kawai, hannu a kan gwiwa. Tana tari. Ba irin na Si Jilali ba, wannan daga ƙasa yake fitowa, ya daɗe bai sake ta ba.

Na tsaya a kwana, ruwa yana bin wuyana, ita ma yana bin nata. Tsakaninmu matakala goma sha biyu. Ba wanda ya kalli wani.

Asabar, azahar

Inna ta ce, "Tsohuwa ta fi ka sammako? Ka riga ta mana. Tashi kafin kiran farko."

Na ce tana tari.

"Kowa na tari a wannan wata. Kai fa, ka kalli madubi kwanan nan?"

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na riga ladan tashi. Ta riga ni.

Talata, 19 ga Nuwamba, la'asar

Musyu ya cinye na'ana'ar Si Jilali ta cikin gwangwani, ya fara kan furanni. Si Jilali ya ce ya taɓa samun baƙon da ya yi abin da ya fi haka. In na hau rufi yanzu sai ya taho ya sa goshi a gwiwata ya tura. Ban so ya saba da ni ba.

Na zagaya garin sau biyu yau, ta kowane lungu ban da ɗaya. Gidajen baƙi duk a rufe, an juya allunansu. A wajen wata hasumiyar masallaci mai zagaye na tarar da wasu Turawa biyu tsofaffi cikin rigunan ruwa, suna juya taswira. Matar ta nuna mini wani wuri a takarda, na kai su har inda ake hango hubbare daga sama, da koren rufinsa a jiƙe. Suka yi ta godiya. Na ji daɗi an tambaye ni abin da na san amsarsa.

Minti goma ne. Na ɗaure gefe ɗaya na katakon, aka kira ni sauke siminti, na ce zan dawo in ɗaure ɗayan. Ban gaya wa Bushta ba, don yana can ciki yana kwaɓa, ban zaci zai fito da wuri ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba, azahar

Ina rufi Si Jilali ya leƙo. "Kana da baƙuwa. Gyara rigarka, ba don za ta yaba ba."

Mace ce, za ta yi shekara talatin, cikin jallabiya ruwan toka. Girar Bushta ce a fuskarta. Si Jilali ya ja mata kujera, ba ta zauna ba.

"Ni ce Zubida, yayar Bushta. Kai ne Allal. Tun ranar da ka sauka daga tasi muka san ka. Hotonku yana wayata, kuna cin kifi a bakin teku, bakinka duk mai."

Na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashi. Ba ta amsa ba.

"Ranar Talatar da ka tsaya kana kallon ƙofarmu, tsohuwa tana bayan taga. Ta ce in ɗora shayi, abokin Bushta ya zo, kunya ce ta hana shi. Shayi ya huce. Laraba ma ta sa na ɗora. Alhamis ta yanka kaza."

Si Jilali ya tashi ya shige kicin.

"Sai Asabar aka zo aka ce mana ka hau da rago. Mai ta'aziyya curin sukari yake kawowa, kai ma ka sani, ba daga wata ƙasa ka zo ba. Da ta ji, ta daɗe a zaune. Sannan ta ce, ashe ba santsi ba ne."

Zubida ta ci gaba.

"Ban san me ka yi ba, ba na kuma so in sani. Ita ta ce an ɗauke mata ɗa ba a tambaye ta ba, an dawo mata da shi a akwati ba a tambaye ta ba. Abu ɗaya ya rage a hannunta, ta ce wannan ba mai karɓe shi da wuƙa. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana fita kan dutsen nan tun duhu. Shekararta sittin da takwas. Jiya likita ya ce sanyi ya kama ƙirjinta, a kwantar da ita. Ta ce in ta kwanta wa zai tsare ƙofa? Na ce ni. Ta ce ni tausayi gare ni, zan juya baya in bar ka."

"Lalla Zubida, ni ban yi nufin..."

"Ba wanda ya tambaye ka nufi. Ɗaya ka riga ka aiko mana a akwati, ko ba kai ba oho. Wannan ta biyun dai ina kallo kake yi."

Na shiga ɗaki na ɗauko jakar. Ta zuge, ta ga cokalin shafen, ta mayar ta zuge da sauri. Ta rungume ta a ƙirji ta fita, ba sallama.

Si Jilali ya fito da shayi kofi uku. Ya kalli ƙofa, ya kalle ni, ya shanye biyu.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe

Ban hau ba. Amma ita ba ta san ba zan hau ba. Ke nan tana can.

Alhamis, azahar

Na zauna, na tashi. Na wanke wa Si Jilali matakalar gida, na gyara masa ƙofar da ke ƙara, na sake kwance ta na gyara. Na hau rufi na sauko sau nawa ban sani ba.

Kwana goma sha ɗaya ina cewa haƙuri nake yi, ina jira ta gaji. Ban taɓa tambayar kaina in ta gaji me ke nan ba.

Alhamis, bayan la'asar

Na kira Inna na ce ba zan yanka ba.

"To sai me? Ka dawo da hakki a wuya, ka ci gaba da zama a bakin gado kana kallon hannunka?"

"Zan je in gaya mata. Da baki."

"In ta ce ba ta yafe ba fa?"

"Sai ta ce."

"Allal, ita nata ya tafi. Ni nawa yana nan, kuma ba ya nan. Kana ganin don mugunta na ce ka yi? So nake a dawo mini da kai."

Na ce na sani. Ta yi kuka, ta ce na ɗauko taurin kan ubana, ba abin da na ɗauko nata sai hanci. Da za ta kashe ta ce in sa rigar sanyi in zan je.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, bayan masallaci

Na jira aka fito daga sallah, dandali ya cika, sannan na sauko da Musyu. Ban saɓa shi ba, na bar shi ya taka da ƙafarsa, a hankali, kowa ya gani da kyau. So nake labari ya riga ni kai wa unguwar sama.

"Baban rago, an fasa auren?"

"Kai wanzami, koma shago, ba kai ba ne."

"Duk jiran nan, ashe Mulay Idris ne zai ci."

Si Jilali yana biye da mu da sabuwar hula. Ya ce rakiyar Musyu ce, bai taɓa yin baƙon da ya yi mako biyu bai yi ƙorafin ruwan zafi ba.

Na sunkuya na wuce ƙarƙashin gungumen da ke gicciye a hanyar hubbare, na miƙa igiyar ga ɗaya daga cikin sharifan da ke karɓar sadaka. Ya tambayi sunan da za a yi wa addu'a. Na ce Bushta ɗan Yamna. Ragon ya juyo ya sa goshi a gwiwata. Na janye ƙafa na fita.

A masauki na ciro wuƙar na ajiye wa Si Jilali a tebur. Ya gwada kaifinta a farce.

"Da wannan za ka yanka? Allah ya so dabbar."

Asabar, 23 ga Nuwamba, da hantsi

Zan rubuta yadda aka yi, tun yana kaina.

Bayan asuba na hau. Ba ruwa, sai sanyi mai yanka kunne. Na ce ko ta ji labari ta kwanta. Tana nan, bargo biyu, da kaskon gawayi a gefenta wanda ya kusa mutuwa. Wannan karon ban tsaya a kwana ba. Na zo har saura matakala uku, na buɗe hannuwana, na ɗaga hannun riga ta gani.

"Lalla Yamna, ni ne Allal."

"Na san ka." Muryar ta dushe. "Ina ragon?"

"Yana hubbare tun jiya."

"Haka aka ce. Na ce ko wani ka saya. Wuƙar fa?"

"Tana wajen Si Jilali."

Ta dube ni daga takalmi har kai. "Ka rame, a hoto ka fi haka. To, faɗi."

Na faɗa. Inna ta yi gaskiya, ban iya ba. Na fara daga tsakiya, na koma farko, na ce siminti sau uku. Amma na faɗi duka. Gefe ɗaya. Minti goma. Takardar da na sa wa hannu. Ban ce tsautsayi ba, ban ce ƙaddara ba, na bar mata waɗannan in tana so.

Ba ta katse ni ba sai da tari. Da na gama, aka buɗe gidan burodi a ƙasa, na ji ana jan itace. Ta daɗe tana kallon gawayin.

"Ya ci abinci a ranar?"

"Ya ci. Bisara, miyar waken nan, da burodi. Ya cinye rabin nawa."

"Halinsa ne." Ta goge hanci da bakin bargo. "Ka san da ka yanka, da na ce na yafe?"

"Na sani."

"Da na faɗa a gaban unguwa, da bakina, sannan in tsane ka har in shiga ƙasa. Kai ka tafi da sauƙi, ni a bar ni da biyu."

Ta gyara bargo a kafaɗa.

"Ban yafe ba, ɗan mutane. Ban sani ba ko zan yafe. Wataƙila baɗi, wataƙila sai na je na tambaye shi. Nawa ne, zan riƙe abina."

"To, Lalla."

"Kada ka ce mini to kamar na ba ka sadaka."

Ta dafa dutsen za ta tashi, gwiwoyin suka ƙi. Ta sake gwadawa. Na tsaya inda nake, ban san ko an yarda in taɓa ta ba.

"Kana kallo? Kama ni."

Na hau matakala ukun na ba ta hannu. Ba ta kai buhun siminti rabi ba. Tafinta zafi kamar burodi. Ta riƙe damtsena har ta miƙe, ta tsallaka dokin ƙofar, sannan ta sake ni. Zubida tana tsaye daga ciki, ban san tun yaushe ba. Ta karɓe ta, ta dawo ta ɗauki kaskon, ta rufe ƙofa.

Na sauko. Ban ƙirga matakala ba.

Asabar, bayan magariba

Inna ta ce, "Ta yafe?"

Na ce a'a.

Sannan ta ce, "Muryarka ta canza. Ka ci wani abu?"

Lahadi, 24 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Na hau sau ɗaya kafin in tafi, har kwanar famfo kawai. Ba kowa a kan dutsen. Tagar a rufe. Maƙwabciyarsu tana shara, da ta gan ni ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna tagar, ta kwantar da kumatu a tafin hannu.

Yanzu ina tasha. Tasi ba ya tashi sai mutum shida, ni ne na biyu. Direba ya ce a wannan wata sai dai in yi haƙuri, yana iya kai azahar. Na ce ba komai.